Auren Korar Kyaftin

Jama'a, kafin komai, ina wadda ta rubuto min a ƙasan kashin labarin da ya gabata cewa in yi haƙuri, wata rana Mama za ta so Dario? 'Yar'uwa, fito ki karɓi tukwicinki, bakinki ya kama. Mama ta so shi. Irin son da ta yi masa ma, ni da na kawo shi sai da na tsorata.

Sababbin zuwa, ku matso in gajarta muku. Sunana Marlee Hovland, ina gyaran gashi a babban titin garinmu, Alder Bend. Babana Arlen shi ne shugaban 'yan kwana-kwanan garin tun ina rarrafe, kafin shi kuma kakana ne. Yayana Kip ɗan sa-kai ne a can, yana cikin auna wa mutum ƙusa a shagonsa jiniya za ta tashi, ya bar mai saye tsaye da baki buɗe. A gidanmu rediyon kiran gaggawa yana kan firij, ba a rage masa murya ko ana addu'ar cin abinci. Ni kaɗai ce na fanɗare na riƙe almakashi, kuma har yau idan Mama za ta gabatar da ni a coci, tana zuwa kan sana'ata sai tari ya kama ta.

To a bazarar nan mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a. Suka ce sun gaji da jiran motar asibiti daga wani gari, a haɗe gidan kwana-kwanarmu da Hukumar Yanki. Daga ranar sabuwar shekara jajayen motocinmu za su koma ruwan ɗorawa mai ratsin kore, launin da Mama ke kira majinar mura. Baba zai ci gaba da zama a gidan kwana-kwanar, amma a matsayin mataimaki. Kyaftin ɗin da Yanki za su ɗora a kansa kuwa shi ne Dario Quintero, wanda ya zo auna ƙofar gidan don a ga ko dogayen motocinsu za su shiga, ya biyo ta shagona aski, ya fita da lambar wayata. Duk samarin jihar nan, zuciyata ba ta ga wanda za ta maƙale wa ba sai mai zama a kujerar ubana. Na sani, ba sai kun faɗa min ba.

Tun daga nan Mama ba ta taɓa kiran sunansa ba, "ɗan awo" take ce masa. Ranar da na fara kawo shi gida, a kofin takarda ta zuba masa kofi, ga kofunan tangaran a jere suna kallonsa. Kip kuwa cire ni ya yi daga zauren dangi na waya, wai ba ya magana a gaban 'yan leƙen asiri.

Shi ya sa ranar Talata da safe, ina tsakiyar shafa wa wata tsohuwa rini, da na ga an mayar da ni zauren sai na yi saurin buɗewa. Na ɗauka wani ne ya mutu.

Mama: "Marlee 'yata, me Darionmu ya fi so, kek ɗin tuffa ko na kabewa?"

Darionmu. Na goge gilashin wayar da gefen rigata, na sake karantawa. Yana nan.

Kip: "Ki gaishe min da mutumina. Ki ce masa akwai wuri a kwale-kwalena ranar Asabar, in yana son kamun kifi."

Kwale-kwalen da ni ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ban taɓa sa ƙafa a ciki ba. Sai ga Goggo Patsy, yayar Baba, ta turo jajayen zukata har layi biyu, da hoton wata farar rigar amarya mai hannu kamar matashin kai.

Na rubuta: "Lafiya? Ko gas ne ke zuba a gidan? Ku buɗe tagogi."

Mama: "Ki biyo da rana. Ki zo da yunwarki."

Na tarar da Mama a kicin cikin jar rigar sanyinta mai tambarin ƙungiyar matan 'yan kwana-kwana, ta naɗe gashi, har da jan-baki, ranar Talata fa. Goggo Patsy ta hakimce a kujerar Baba, tabaranta na lilo a ƙirji. An shimfiɗa farin ƙyallen teburin nan da ba ya fitowa sai bikin Ista. Ga miyar kifi da madara tana tururi, ga burodin masara da zafinsa. A gefen gishiri kuma, ƙaramin akwatin zoben kakata.

"Zauna, 'yar lelena," in ji Mama. Rabon da in ji wannan sunan tun ina da giɓi.

"Mama, me na yi?"

"Ji min yarinya. Uwa ba ta da ikon ta zauna ta canja ra'ayi? Na duba ne na ga yaron nan yana da ladabi. Ga tsawo. Ga haƙora."

"Haƙoran suna nan tun ranar kofin takarda."

Goggo Patsy ta kece da dariya har tana bugun tebur. Ita ce mai dafa kofi a zaman majalisar gari, saboda haka duk abin da aka tattauna a can, kafin kansiloli su kai ga motocinsu ya riga ya iso kicin ɗinmu.

"Rhonda," ta kira Mama da sunanta, "faɗa mata kawai, ai ba yarinya ba ce." Ba ta ma jira Mama ba, ta juyo gare ni. "Marlee, 'yan Yankin nan suna da wata doka. Ba a barin ma'aikaci ya shugabanci danginsa a gida ɗaya. Uba da ɗa, wa da ƙane, har suruki. Da kunnena na ji, ina zuba wa lauyarsu kofi. Ana zama dangi, dole a ɗaga ɗaya zuwa wani wuri."

"To?"

"To me? Kina auren ɗan awo..."

"Dario," Mama ta gyara mata.

"Kina auren Dario, ya zama surukin Arlen, shi ke nan an ɗaga shi. Su tura shi can bayan dutse ya je ya auna musu ƙofofi. Kafin su samo wani kyaftin da zai yarda ya zo wannan lungun namu, ubanki yana nan daram a kujerarsa. Su Kip kuwa 'yan sa-kai ne, dokar ba ta san da su ba."

Na ajiye cokali. Jama'a, kun ji fa. 'Yan mata suna aure a yi musu fatan zuri'a, ni za a yi nawa ne don a yi wa mutum canjin wurin aiki.

"Wato da ni za ku kore shi."

"Ke ce kike son sa!" in ji Mama. "Tun yaushe kike cika mana kunne da kuka a kan yaron nan? Yanzu mun ce ga shi, kin tsaya tsirfa. Kafin sabuwar shekara dai, shi ne kawai. Na yi wa fasto magana, akwai Asabar ɗin da babu kowa a Disamba. Rigar Patsy za a ɗan rage mata."

"Za a raba ta biyu dai. Kuma in an tura shi bayan dutse, ni ina zan zauna?"

"Ai an zuba wa hanyar sabuwar kwalta," in ji Goggo. "Kuma ni da nawa mijin, lokacin da yake tuƙin babbar mota ne muka fi zaman lafiya."

"Baba ya san da wannan?"

Mama ta kaɗa hannu. "Na faɗa masa jiya. Cewa kawai ya yi, ai yaron kirki ne. Kin san ubanki, bai iya murna a fili ba." Ta ɗauki akwatin zoben ta cusa min a jaka, ta ja zif da kanta. "Ki ba shi, kada ya ɓata lokaci yana yawon shaguna. Ranar Lahadi ya zo cin abinci, ya yi abin da ya dace a gaban kowa."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na fita daga gidan ina huci, amma ban kai ƙarshen layinmu ba na kama kaina ina murmushi. Ina son mutumin nan, so mai sa ni in yanke wa mutane gashi a karkace. In makirci ne zai sa Mama ta buɗe masa ƙofa, to a yi makircin, ni ma zan taya su riƙe fitila.

Washegari da rana Dario ya ɗauke ni a motarsa, muka tsaya a bakin kogi muna cin burodi da nama, ruwa na ta yayyafi a gilashi. Yana cikin kakinsa baƙi-baƙi, da tambarin nan ruwan ɗorawa a kafaɗa, gashin nan kuwa aikin hannuna, ba yabon kai ba. Na kwashe labarin duka na ba shi, har da kwaikwayon muryar Goggo. Ina ta dariya ni kaɗai. Da na lura, ya daina tauna.

"Shi ya sa Kip ya turo min hoton kifi," ya ce.

"Ka ga ka yi farin jini. Har kek aka tambaye ni."

"Marlee, wa ya ce musu ni za a ɗaga?"

"Wa kuwa za a ɗaga? Kai ne baƙo. Mu Hovland mun girmi ginin gidan ma."

Ya naɗe sauran burodinsa a takarda, ya ajiye a gaban mota, a hankali kamar mai tsoron kada ya fashe.

"A Alder Bend ni ne baƙo. A Yanki, wanda ya shigo hukumar daga baya shi ake ɗagawa. Ni na daɗe a cikinta. Babanki sai ranar sabuwar shekara zai shiga. A wurinsu shi ne sabon ɗauka."

"Baba? Sabon ɗauka? Mutumin da ya tsamo rabin garin nan daga ambaliya da igiya a ƙugu?"

"Na sani."

"Ina za su kai shi?"

"Ma'ajiyar kaya, a hedikwata. Gwajin tiyo da rabon takalma."

"To kai ka nemi canji mana! Ko an ɗaure ka ne?"

"Na nema, tun kafin in fara leƙen zobe a waya. Suka ce a'a. Cikin kyaftin ɗinsu masu takardar aikin motar asibiti, ni kaɗai ne ba a ba wa gida ba, kuma don motar asibitin mutanenku suka yi ƙuri'a." Ya shafa fuska. "Kina tsammani me ya hana ni tambayarki har yanzu? Tsoron Mamanki? To, ina tsoronta, wa ba ya tsoronta. Amma ba shi ba ne."

Na ji kamar in mare shi don ya ɓoye min, na kuma ji kamar in shige cikin rigarsa. A ƙarshe kuka na yi, mummuna, da albasa a bakina. Ya miƙo min takardar goge hannu mai tabon mai, na karɓa.

Na kira shago na ce a ba masu jirana haƙuri, ya sauke ni a ƙofar gidan kwana-kwana. Na tarar da Baba shi kaɗai, cikin tsohuwar rigarsa mai ratsi wadda gwiwar hannunta ta ɓule, yana goge jar motar da za a tafi da ita fenti. Ku ji min mutum, motar da za a kankare yake sa wa ƙyalli.

"Baba, ka hana Mama! Kai za a ɗaga, ba Dario ba!"

"Kin ci abinci?"

"Baba, ka ji ni kuwa?"

"Miƙo min wancan tsumman." Na miƙa masa. Sai da ya gama da madubin gefe sannan ya ce, "Ina zaune a ɗakin lokacin da lauyar ta yi bayanin dokar. Patsy tana yawo da buta, ni kuwa sauraro nake yi."

"Ka sani, ka bar Mama tana ta gasa kek?"

"Kek ɗin ya yi daɗi."

"Baba!"

Ya zauna a kan matakalar motar, ya buga wurin da ke gefensa, na zauna.

"Tun yaushe nake lallashin uwarki a kan yaron nan? Har ɗakin baƙi ta kora ni saboda shi. Jiya kuwa na ji ta tana tambayar Patsy yadda ake rubuta Quintero, don katin gayyata. Ta lallashi kanta da kanta, sai ni in je in ɓata? Ki bar ta ta ɗauka ta yi wa Yanki wayo. Kafin ta farga an gama biki, ta riga ta saba da zuba masa abinci. Uwarki in ta saba ciyar da mutum, ba ta iya ƙin sa kuma. Da haka na same ta."

"Sai mu jira. Ba sauri muke ba. In ka yi ritaya sai a yi."

Ya yi dariya. "Kakanki a wancan bencin aka same shi ya cika, da takalmin aiki a ƙafa. In kika ce sai na bar gidan nan don kaina, za ki yi furfura, ki dinga rina wa kanki kyauta."

"To za ka iya zaman ma'ajiya? Kai da in jiniya ta tashi kana wanka sai ka fito da kumfa a kunne?"

Ya kalli ƙugiyoyin da aka rataye rigunan wuta, ya kalli ƙofa, ya kalli tsumman hannunsa. Wallahi da ya yi min ƙarya ya ce zai iya, da na fi samun sauƙi.

"Tiyo dai na san shi," ya ce. Ya miƙe yana riƙe da baya. "Zan kira yaron anjima. Ke kuma, ko da wasa kada uwarki ta ji. Ban taɓa roƙonki komai ba, Marlee, ko aski. Wannan nake roƙo."

Ban kai shago ba saƙon Dario ya shigo.

"Babanki ya kira ni. Ya ce umarni ne, kuma shi ne na ƙarshe da zai ba ni kafin in zama ogansa. Na ce masa zan durƙusa, amma amsar taki ce. Ko me kika ce, ina nan."

Na rubuta "Ka kyauta," na goge. Na rubuta "Ina son ka," na goge. A ƙarshe na tura masa: "Ka zo ka karɓi zoben, yana min nauyi a jaka."

Sai ga na Mama a bayansa: "Ki sa koriyar rigar nan ranar Lahadi, ta fi fito da ke a hoto. Kada ki sa baƙin takalmin nan na 'yan daba."

Ranar Lahadi bayan coci na sa koriyar rigar, na kuma sa baƙin takalmin, don a san da sauran raina. Gidan yana ƙamshin gasasshen nama da dankali. Dario ya zo da farar riga an goge ta har tana iya yanka, da furanni a hannu, Mama ta karɓa ta rungume shi, mutumin ya sandare kamar an ce masa kada ya motsa. Aka zaunar da shi a hannun daman Baba. Kip ya ja kujera kusa da shi yana ta ba shi labarin bayan dutse, wai can ne kifi yake, wai iskar can tana ƙara lafiya, wai shi da zai samu dama da tuni ya koma. Goggo Patsy ta jingina wayarta a jikin tulun miya tana ɗaukar bidiyo, wai ba ta so mu lura.

"Ƙara nama, ɗana," in ji Mama. "Aikin Yanki akwai wahala, ga yawan tafiye-tafiye."

"Na gode, Mama."

"Ka ji, Patsy? Mama ya ce."

Ni ko cokali ban ɗauka ba. Baba nake kallo. Ya yanka namansa ƙanana-ƙanana, ya sake bin su yana yankawa, bai kai ko ɗaya baki ba. Mutumin da ke share faranti kafin a ce amin.

Ana kawo kek, Mama ta yi wa Dario wani tari na musamman. Ya kalli Baba, Baba ya gyaɗa kai. Ya ture kujera, ya zagayo, ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan daɓen kicin ɗinmu, ya buɗe akwatin.

"Marlee, ban iya tsara magana ba, kin sani. Na zo garin nan da niyyar in yi wuni ɗaya in koma. Ina son ki. Za ki aure ni?"

Goggo ta fara kuka tun kafin a ba ta dalili. Kip ya ɗaga kofinsa sama yana jira. Mama ta haɗa hannuwa a ƙirji, fuskar nan tana sheƙi, irin fuskar wadda ta ci gasar kek a baje kolin gunduma. A ranta ta riga ta ga Dario a hanyar bayan dutse da akwatinsa.

"Ce eh mana," ta raɗa min, raɗar da maƙwabta ma sun ji.

Jama'a, eh ɗin tana bakina. Tun ranar da ya zauna a kujerar askina take nan. Amma na san ina furta ta, ubana zai ƙare rayuwarsa yana tambayar samari lambar takalminsu, kuma Mama za ta yi ta tafi a bikin korar mijinta ba ta sani ba. Ranar da ta gane, ba Yanki za ta tsana ba, Dario za ta tsana, ni kuma in kwana da mutumin da aka saya min da kujerar Baba.

"Marlee," in ji Baba, bai ɗago daga farantinsa ba. "Amsa wa yaron nan, daɓen akwai sanyi."

Sannan ya ɗago. Ya gane abin da ke raina, domin ya girgiza min kai kaɗan, yadda babu wanda ya gani sai ni. Idanunsa sun yi ja.

Na dafa kafaɗar Dario don kada ya tashi. Na miƙa ɗaya hannun na kifar da wayar Goggo a kan tebur.

"Mama," na ce, "zauna. Akwai abin da Baba bai faɗa miki ba."